Motar a-kori-kura: abin da masu ita ke fata da an sa mata

A wannan mako filinmu zai leƙa tasha da garaji, domin mu tattauna a kan wata mota wadda ba a zuwa biki da ita don a burge dangin amarya, amma in ta kwana biyu ba ta tashi ba sai kasuwar ƙauye ta ji a jikinta. Ina nufin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna a-kori-kura, masu faransanci kuma suke ce mata bâchée saboda tamfol ɗin da ake lulluɓa mata.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wani labari na Amurka. A shekarar 2021 kamfanin Ford ya fito da wata ƙaramar a-kori-kura mai suna Maverick, wadda ake haɗawa a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, kuɗinta na farko wajen dala dubu 20 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Tsawon bayanta bai cika mita ɗaya da rabi ba, nauyin da aka yarje mata kuwa wajen kilo 680. Mutane suka yi rububinta, sa'an nan suka shiga ƙorafi. Wasu suka ce mafi arha daga cikin samfuranta ba ta da na'urar da ke riƙe gudun mota ba sai direba ya ɗora ƙafa a kan totur ba. Wasu suka ce mai haɗa fetur da lantarki tayoyin gaba kaɗai ke janta, alhali su ƙanƙara ke rufe musu hanya da sanyi. Kamfanin ya saurara: samfurin 2023 ya zo da na'urar riƙe gudu, na 2025 kuma ya zo da injin fetur da lantarki mai jan tayoyi huɗu. Wato mai mota ya yi magana, maƙerin mota ya amsa cikin shekara biyu zuwa huɗu.

To, mu fa? Namu masu a-kori-kura su ma suna da abin da suke fata, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin garaji a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana jiran a sauke masa mota daga kan jak ya ji shi har ya gaji. Bambancin shi ne nasu ƙorafin na jin daɗi ne, namu na neman abinci ne, kuma namu ba ya wuce ƙofar garaji.

Da can ba haka lamarin yake ba. Dattawan direbobi suna tuna Peugeot 404, sa'an nan 504 mai buɗaɗɗen baya da ta biyo ta daga 1979. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Faransa kanta ta daɗe da mantawa da ita. Wannan ya sa kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin Kano, suna shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Magarya da Matamai zuwa Damagaram. Yaron makanike ɗan shekara goma sha biyar yana iya kwance mata inji a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Ita ma Hilux ta kamfanin Toyota, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da irin wannan sauƙin ta karɓe filin. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya ninka a dare ɗaya, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici balle ma'aikacin da albashinsa ke makara. Daga nan muka koma ga motocin da Turawa suka gama yayi, ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai kaya suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙara hawa. Ke nan mafi yawan a-kori-kurar da ke hannun jama'armu an ƙera ta ne don wani mutum dabam, mai wata hanya dabam, mai wani mai dabam.

Shi ya sa in ka tambayi mai mota a nan abin da yake so a ƙara mata, sau da yawa amsar farko ita ce abin da yake so a cire mata. Bari mu tsaya a nan kaɗan, don a nan ne asarar kuɗi ta fi yawa.

Injin gazuwal na da yana da famfo na ƙarfe zalla, wanda ke tura mai ba tare da shawarar kowa ba. Na zamani kuwa yana matse gazuwal da ƙarfin da ya kai ninki dubu biyu na nauyin iskar da muke shaƙa, ya fesa shi ta wasu ƙofofi da kaurinsu bai fi na gashin kai da yawa ba, kwamfuta ce kuma ke ƙayyade lokaci da adadi. Irin wannan inji ba ya jure ruwa ko ƙura cikin mai ko kaɗan. Matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga dubu 20 a rana, tana aiki tun Nuwamban 2011, amma tsakanin matata da tankin motar da ke Dakwaro ko Tanut akwai duro, akwai jarka, akwai mazurarin da ya kwana a rairayi. Jarka ɗaya mai ruwa a gindi ta isa ta kashe injekta huɗu, kuma kuɗin huɗun nan sun isa su cinye ribar damana guda.

Bugu da ƙari, motocin da suka fito daga Turai cikin shekaru goman nan suna ɗauke da kayan da dokokin hayaƙi na can suka tilasta. Akwai matatar toka a cikin salansa, wadda aka yi ta don gazuwal mai ƙarancin sulfa ƙwarai irin wanda Turai ta wajabta tun 2009, kuma tana buƙatar doguwar tafiya da zafi kafin ta ƙone abin da ta tara. In ta toshe, kwamfuta sai ta rage ƙarfin inji, mota ta riƙa rarrafe da kaya a tsakiyar daji. Akwai kuma wani ɗan tanki na ruwan da ake kira AdBlue, wanda in ya ƙare aka kashe mota ba za ta sake tashi ba sai an zuba wani. Mai karatu, ka kwatanta direban da ya tsaya sallar azahar tsakanin Abalak da Ingal, ya dawo ya murza makulli, mota ta ce sai an ba ta ruwan da ba a sayar da shi a kusa. Don haka ne makanikanmu suka ƙware wajen huda matatar tokar nan da ruɗin kwamfutar, aikin da wani lokaci yakan yi kyau, wani lokaci kuma ya bar mai mota da fitilun gargaɗi da ba su mutuwa har abada.

Sai dai a nan zan saɓa wa abokaina direbobi kaɗan. Begen tsohon inji yana da iyaka. Gaskiya ne Toyota ya ci gaba da sa tsohon injinsa mai suna 5L cikin wasu Hilux na kasuwar Afirka shekaru da yawa bayan dokokin Turai sun rufe wa irinsa ƙofa, kuma gaskiya ne yana da haƙuri kamar jakin fatake. Amma ƙarfinsa wajen doki 95 ne, alhali sabon inji mai lita 2,4 yana ba da wajen doki 150, yana kuma shan mai ƙasa da shi. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023 zamanin man bakin hanya mai arha ya wuce, ƙarancin fetur na Maris 2025 kuma ya nuna wa kowa cewa lita ba abin wasa ba ce. Wanda ke Maraɗi zuwa Yamai, fiye da kilomita 600, sau huɗu a wata, ya san abin da bambancin lita biyu a kowane kilomita ɗari ke zama a ƙarshen shekara. A ganina abin da ya kamata a nema shi ne sabon inji da aka shirya wa ƙasarmu: matatar gazuwal biyu a jere, ta farko mai raba ruwa da mai, da kwalba a ƙasanta wadda direba zai gani da idonsa ya zubar kowace safiya, bututun shan iska da aka ɗaga sama kusa da rufi, nesa da ƙurar taya, wanda kuma yake taimako in an shiga ƙorama da damana, da kwamfutar da kowace na'urar bincike mai sauƙin kuɗi za ta iya karantawa, ba sai an ja mota zuwa babban birni ba. Duk waɗannan akwai su a duniya, kamfanonin haƙar ma'adinai suna sayen motocinsu da su. Mai ɗaukar albasa ne kawai ba a tambaya.

Buri na biyu shi ne na kaya, kuma a nan ɗan kasuwa da ma'aikaci suka rabu. Ma'aikaci yana son mai ƙofa huɗu, don ya ɗauki abokan aiki zuwa rangadi, ya kai iyali gida ranar salla, ya komo da buhun hatsi biyu da rago. Ɗan kasuwa yana son mai ƙofa biyu, wadda tsawon bayanta ya haura mita biyu, ba mita ɗaya da rabi na waccan ba. Amma dukansu takarda ɗaya ce ta ɗaure su: wajen tan ɗaya, kuma cikin tan ɗin nan har da direba da karen mota da duk wanda ya hau. Buhun gero goma ke nan in an yi sassauci. Wa ya taɓa ganin a-kori-kura ta bar Galmi da buhun albasa goma kacal, ko ta bar Cadawa da buhun aya goma? Lissafin kuɗin mai da na shingayen hanya ba zai fita ba.

Saboda haka kowa ke fata da ta zo da lam masu kauri, wato ƙarafan nan na baya da ke ɗaukar nauyi, kuma da yake ba ta zo da su ba sai a je wajen maƙeri a ƙara biyu ko uku. Mota ta daina durƙusawa, mai ita ya yi murna. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, ƙashin motar ma bai ƙaru ba. Nauyin da lam suka ƙi karɓa ba ɓacewa ya yi ba, wuri ya sake. Shi ya sa ake ganin mai ƙofa huɗu ta lanƙwashe daidai bayan gida kamar raƙumin da aka karya wa baya, domin a cikinta galibin kaya suna zama ne a bayan tayoyin baya, in aka haɗa da gargadar hanyar burji sai ƙarfe ya gaji. A gefen kowace taya akwai lambar da ke faɗin iyakar nauyinta, kuma tayar da aka wuce wa iyaka a kan kwalta mai zafi cikin watan Afrilu, rana tana neman digiri 45, ba ta yin sallama kafin ta fashe. Mota mai ɗaukar tan biyu akwai ta, sunanta dabam, kuɗinta dabam. Ba a mayar da tunkiya saniya da ƙarin dusa.

Inda nake tare da ƴan kasuwa ɗari bisa ɗari shi ne fasalin bayan motar. An ƙawata shi da fenti mai sheƙi da bango mai lanƙwasa, ga tudun taya biyu sun cinye wuri, ga ƙugiyoyin ɗaure igiya ƙanana kamar na rataya riga. Abin da ake so shi ne daɓe shimfiɗaɗɗe, bangon da ke buɗewa ta gefe uku don a loda buhu ba tare da an ɗaga shi sama da kafaɗa ba, da ramukan ƙusa da aka tanada tun daga masana'anta inda za a ɗaura keji na dabbobi ko sandunan tamfol. Rashin waɗannan ramuka ne ke sa masu walda su ɗora wuta a kan ƙashin mota, wurin da aka gasa kuwa nan ne ke fara tsagewa.

Sauran buƙatun ba su buƙatar dogon bayani. Tankin Hilux lita 80 ne. A kan kwalta ya wadatar, a rairayi kuwa shan mai yakan kusa ninkawa, shi ya sa jarkoki ke hawa baya su zauna kusa da fasinja mai sigari. Tanki na biyu zai raba wannan maƙwabtaka. Tayar ajiya ɗaya ba ta isa wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ba, kuma wurin da aka maƙale ta a ƙarƙashi shi ne wurin da hannu ba ya kaiwa in mota ta kafe. Gilashin da ake murzawa da hannu ya fi na lantarki daɗewa a ƙasar da ƙura ke shiga ko'ina. Na'urar sanyi kuwa, wadda wasu alhazai ke ɗauka almubazzaranci ne a sa wa direba, ni ina ganin ta cikin kayan tsaro: mutumin da ya yi awa takwas a cikin tanda gyangyaɗi ne ke jiransa.

Yanzu ga abin da ban cika jin kowa ya roƙa ba, alhali shi ya fi komai tsada. A ƙauyukanmu a-kori-kura ita ce bas, ita ce motar asibiti. Ranar kasuwa mutum ashirin suna zaune a kan buhuna, ƙafafu na reto a waje. Da dare ita ce ke ɗauko mai naƙuda zuwa likita. Ba a ƙera bayan motar nan don ɗaukar ɗan Adam ba, kuma in ta kife babu abin da ke tsakanin kan mutum da ƙasa. Na gaba ma ba su tsira yadda suke zato ba. A 2018 ƙungiyar Global NCAP, mai gwada motoci ta hanyar karo da su, ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu, ta ba ta sifiri a wajen kare babban mutum. A 2020 kuma ta haɗa irin wannan sabuwar gaba da gaba da wata Navara ta hannu ta shekarar 2015 da aka sayo a Turai. Sakamakon ya nuna direban tsohuwar ta Turai zai iya fita da ƙafarsa, na sabuwar ta Afirka kuwa da wuya ya rayu. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya, ƙarfe dabam. Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da kalmar nan ta dillalai, wai mota ce da aka yi wa Afirka. Wani lokaci ma'anarta an ƙarfafa ta, wani lokaci kuma ma'anarta an cire mata jakar iska da birkin da ba ya ƙullewa don a rage kuɗi. Mai saye ya tambaya wanne ne.

Akwai kuma masu son motar nan fiye da mai ita. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda ƴan jarida suka kira yaƙin Toyota bayan da sojojin Cadi suka karya tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum da irin waɗannan motoci, duk mai ɗauke da bindiga a yankin Sahel ya san darajar kat-kat mai buɗaɗɗen baya. Don haka ake neman na'urar da ke nuna inda mota take, da maɓallin ɓoye mai yanke mai. Na'urar tana da amfani a gari, amma galibinta da layin salula take aiki, inda ake ƙwace mota kuwa sau da yawa babu layi. Mai aiki da tauraron ɗan Adam kuɗin wata gare ta. Maɓallin ɓoye kuma yana da haɗarinsa in ɓarayin ba su yi nisa da direba ba lokacin da motar ta mutu.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai zancen kuɗi. A Nuwamban 2023 Toyota ya fito da wata mota a Tailan mai suna Hilux Champ, kuɗinta na farko baht dubu 459, wato wajen miliyan takwas na sefa a can inda aka ƙera ta, kafin jirgi da duwan su ɗora nasu. Ƙofa biyu ce, bayanta shimfiɗaɗɗe, bangonta na buɗewa, ramukan ƙusa a shirye, tana ɗaukar wajen tan ɗaya. Rabin abin da muka lissafa a sama ke nan, kuma an yi ta ne saboda manoma da ƴan tiredan Asiya suna da yawan da ya isa a saurare su. Aibinta a wurinmu shi ne ta fito da tayoyin baya kaɗai ke ja. A Barazil kuwa ƙaramar Fiat Strada, mai ɗaukar abin da bai kai tan ba, ta zama motar da aka fi saye a ƙasar tun 2021. A nahiyarmu irin wannan ƙaramar ma ja da baya ta yi, don Nissan ya daina ƙera NP200 a Afirka ta Kudu a 2024. Gurbin da ta bari babura masu taya uku na Sin da Indiya ne suka cike shi, su ne ke jigilar siminti da ƙanƙara da buhuna a titunan Maraɗi da Yamai, da birkin da aka yi don rabin abin da ake ɗora musu.

Ɗan kasuwa ɗaya mai sayen mota ta hannu ba shi da bakin da za a ji a Japan. Amma akwai masu sayen sababbi da yawa a lokaci guda: ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da ayyukan raya karkara. Su dillali ke saurara, domin abin da aka rubuta cikin takardar neman kwangila shi ake kawowa. A nan ne maganar ta dawo kan teburin malam ma'aikaci. Wanda aka ba aikin rubuta wannan takarda yana da ikon sa matatar gazuwal biyu, da bututun iska na sama, da tanki na biyu, da tayar ajiya biyu, da jakar iska ga direba da na kusa da shi, da sharaɗin a horar da makanikai a kowace jiha a kuma bar musu na'urar bincike. Abin da aka fi gani maimakon haka shi ne a kwafi takardar bara, a canja kwanan wata, a ƙara kujerun fata don mai gida. Motar nan kuwa ba a ofis za ta ƙare ba. Bayan shekara bakwai ko goma za a yi gwanjonta, wani alhaji daga Tasawa ko Madawa ya saye ta, ya cire tambarin ma'aikata, ya sa mata keji, ta yi wata shekara goma sha biyar tana kai wake da mutane kasuwa da irin kayan da aka rubuta mata tun ranar farko.